Karta a Aljihun Gwanjo

Ran Talata na fasa dilar gwanjo
a rumfata, bayan babbar kasuwar Garwa.
Duk riguna masu kauri, na ƙasar da ba ta san zufa ba.
Wa zai saye su a nan, inda rana ke soya ƙwai a kan kwano?
A aljihun wata kwat mai warin ajiya
hannuna ya ci karo da ƙunshi:
karta, ɗaure da jan zaren ulu.

Ba irin ta 'yan caca ba ce, ta gindin dalbejiya,
babu sarkin nan mai kai biyu.
Akwai tsoho mai ido ɗaya, hankaki biyu a kafaɗarsa,
baƙaƙe ƙirin, ba su sa farar riga irin namu ba.
Akwai itace da ya fi kuka girma,
saiwoyinsa suna shan rijiya uku.
Akwai kyarkeci da aka ɗaure da siririn zare,
yana kallona kamar ni na ɗaure shi.

Nasiba, 'yata mai karatun boko,
ta bi ƙananan baƙaƙen da yatsa.
Ta ce, "Baba, daga arewacin arewa take,
ƙasar waɗanda suka gina asibiti a Gaundare.
Gida huɗu ce: ruwa, wuta, iska, ƙasa.
Da ita suke duba.
Saba'in da takwas ya kamata a samu."
Muka ƙirga sau uku. Ɗaya babu.

Duba!
Sai na tuna Iya Barmani, kakata,
mai share rairayin Binuwai da tafin hannu,
ta ɗiga, ta ɗiga, ta yi shiru,
mata na jira da goro a bakin zane.
Ranar da ta daina, ba wanda ya tsawata mata.
Ta ce ta gaji da leƙen ɗakin da ba nata ba,
gobe tana da Mai ita.
Don haka ban tambayi kartar nan komai ba,
ita ma ba ta ce mini uffan ba.

Amma mutane sun zo kallo.
Audi masunci, wanda ke kawo kifi daga Lagdo,
ya zaro mai kwalekwale a kan baƙin ruwa,
ya daɗe, kafin ya ce,
"Wannan bai kama komai ba yau.
Dubi yadda ya riƙe filafili."
Tanimu maƙeri ya ga gajerun mutane a cikin dutse
suna dukan ƙarfe, tartsatsi har gemu.
Ya yi dariya, ya ce zugazuginsu zai yi asarar gawayi.
Hajja Dudu mai ruwan sanyi ba ta ce komai ba,
ta ɗauki mai farin dutse ta liƙa a jikin kularta.
Wai ciniki ya ƙaru. Ban karɓi ko dala ba.

Da dare nakan yi tunanin mai kwat ɗin.
Mace ce, maɓallan suna hagu.
Wace ɗaya ta cire?
Wadda ta tsorata ta, ta jefa a murhu,
ko wadda ta so, ta tafi da ita kabari?
Hannun rigar ya goge a gwiwa,
kamar ta mai yawan tagumi a bakin taga
a ƙasar da aka ce rana kan yi wata ba ta leƙo ba.

Kwat ɗin wani ɗan acaɓa ya saya, saboda sammako.
Kartar tana nan cikin gwangwanin madara.

Jiya an ɗauke wuta tun azahar,
zafin Maris ya zauna mini a ƙirji.
Na zaro ɗaya, ban zaɓa ba:
mace tsaye a kan tafkin da ya daskare,
ƙanƙara har gashin idonta.
Na yi fifita da ita.
Iskar da ta fito, ta Garwa ce.